Yaran da Ingila Ta Mayar Tatsuniya

Yayata tana aikin jinya a Slough, wani gari da ke yamma da Landan, kuma a wurinta na sauka da na je Ingila lokacin dogon hutu. Slough ba garin kallo ba ne. Masana'antu ne da ofisoshi da shagunan 'yan Pakistan da 'yan Poland, ga rugugin jiragen Heathrow tun asuba. Amfaninsa a wurina layin dogo ne: jirgi ɗaya yana kai mutum tashar Paddington kai tsaye, wani ɗan guntu kuma yana sauke shi a Windsor cikin minti shida.

Na zo da jerin wuraren da na fara sani a littattafan yara. A firamarenmu ta Zariya akwai wani kabad a ofishin hedimasta, cike da littattafan Turanci da aka kawo kyauta, rabinsu babu bango. Ranar Juma'a ake buɗe shi. A nan na karanta labaran Enid Blyton, na yaran da ke yawo da kare suna kama ɓarayi a bakin teku, ni da ko kogin Kaduna ban taɓa gani ba. Yaya kuwa tun can ba ruwanta da kabad ɗin. Yanzu gidan sarautar Ingila ta sa a gaba. Ta san wanda ya harari wane a wajen jana'iza, ta san wace ce ta sa wace kuka a kan ɗinkin 'yan rakiyar amarya, kuma tana faɗa ne tamkar tana ɗakin.

"Malama," in ji ta, don haka take kirana in za ta tsokane ni, "ki je ki ga beyar ɗinki da zomonki. In kin gama ki zo in nuna miki manyan tatsuniyoyi."

'Yarta mai shekara tara ce ta raka mu Paddington. A dandamali na ɗaya mutum-mutumin tagulla na Paddington, beyar ɗin littattafan yara, yake, wanda aka kafa a 2000: ɗan beyar zaune a kan akwatinsa, da hula, da 'yar takarda rataye a wuya. Hancinsa har ya yi ƙyalli saboda shafawar hannun yara. Yarinyar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Anti, ba shi ba ne. Ina shuɗiyar rigarsa?" Ita ta fim ta san shi, wanda aka fara fitarwa a 2014, ni kuwa ta zanen biro na cikin littafi, kuma daga wannan zanen aka ƙera tagullar. Muka tsaya muna musu a kan kamannin dabbar da ba a taɓa haifa ba, mutane na ta wuce mu da jakunkuna.

Michael Bond, wanda ya ƙirƙiro shi, mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin na BBC. Daren jajibirin Kirsimeti na 1956 ya ga wata 'yar tsanar beyar ita kaɗai a kan kanta a shagon Selfridges, ya saya wa matarsa, ya raɗa mata sunan tashar da ke kusa da gidansu. Littafin farko ya fito a 1958. Takardar wuyan nan kuwa tana da asali mai nauyi. Bond ya girma a Reading lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ga yaran da ake kwasowa daga Landan don gudun bama-bamai, kowanne da ɗan akwati da takarda mai sunansa a wuya. A labarin, beyar ɗin ɓoyewa ya yi a jirgin ruwa daga Peru ya shigo ba fasfo ba biza. Ƙasar da kullum jaridunta ke cacar baki a kan masu tsallako teku a kwale-kwale, ita ce ta ɗauki wannan baƙon haure ta mayar ɗan lele. A 2024, da za a yi fim na uku, har fasfo hukuma ta buga masa. Mijin Yaya da ya ji haka dariya ya yi ya ce, "Ai shi ya san manya."

Ya kuwa san su. A nan Yaya ta karɓe zancen, ta ciro waya ta nuna mini ɗan wasan da aka haska a Yunin 2022, wajen bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 70 a kan gado. Tsohuwa mai shekara 96 tana shan shayi da beyar, sai ta buɗe jakar hannun nan tata da duniya ta daɗe tana tambayar abin da ke ciki, ta zaro burodi mai jam ɗin lemo, abincin da beyar ɗin ya fi so. Bayan wata uku, ranar 8 ga Satumba, ta rasu. Mutane suka riƙa ajiye 'yan tsanar beyar da burodi a ƙofar fada, har masu kula da lambuna suka roƙi a bar kawo burodin. 'Yan tsana sama da dubu aka wanke aka ba ƙungiyar Barnardo's mai kula da yara. Tun a tashar nan na fara lura cewa abin da na zo nema da abin da Yaya ke bi ba su rabu ba. Kanti ɗaya ke sayar da su, sau da yawa a kan kanta ɗaya.

Oxford ban daɗe ba, ruwa ya hana. Na dai shiga kwalejin Christ Church, inda Charles Dodgson, wanda duniya ta sani da Lewis Carroll, ya koyar da lissafi. Ranar 4 ga Yulin 1862 ya ɗauki 'ya'yan shugaban kwalejin mata uku a kwale-kwale, ya yi musu labarin yarinyar da ta faɗa ramin zomo, ta tsakiyarsu Alice Liddell ta nace sai ya rubuta mata. Aka buga a 1865. Yawancin waɗanda muka yi layi tare ba don Alice suka zo ba, matakalar da aka ɗauki fim ɗin Harry Potter suke nema. Da na dawo na kawo wa Yaya tsarabar da ta fi so: an daɗe ana raɗe-raɗin cewa Yarima Leopold, ƙaramin ɗan Sarauniya Victoria cikin maza, ya so Alice lokacin yana ɗalibi a can. Abin da ya tabbata shi ne ya sa wa 'yarsa suna Alice, ita kuma ta sa wa ɗanta Leopold. Yaya ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, an gama magana. Wace shaida kuma ake nema?" Abin da bai dame ta ba, ni ya tsaya mini, shi ne a 1928, bayan mijinta ya mutu, 'ya'yanta biyu sun riga sun mutu a yaƙin duniya na farko, Alice ta sayar da rubutun hannun da aka yi mata kyauta a kan fam 15,400 don ta riƙe gida.

Windsor kuwa ranar Yaya ce. Ta ci ado, ta sa mayafin da take zuwa biki da shi. Daga tasha kana fitowa ganuwar fada ce a gabanka, a gefen titi kuma shagunan tsaraba a jere: kofuna masu hoton Sarki Charles, beyar sanye da doguwar hular dogaran fada, zomon Beatrix Potter a jikin tawul, da sauran kofunan bikin Yarima Harry, ɗan Sarki Charles, da Meghan a kwandon ƙasa an karya musu farashi. Yaya ta nuna kwandon da leɓe, ba ta ce komai ba.

A majami'ar St George, inda aka ɗaura auren nasu ranar 19 ga Mayun 2018, ba a ɗaukar hoto. Layi yana tafiya a hankali ya wuce wani ɗan ɗaki a gefe, ta bayan ƙarfe ake leƙawa. Baƙin dutse ne a ƙasa da sunaye huɗu: George VI, matarsa Elizabeth, 'yarsu Elizabeth II, da mijinta Philip. Shekaru kawai aka rubuta, 1926 zuwa 2022. Na tuna kakanmu, wanda har ya rasu yana ba da labarin hawan dabar Kaduna ta 1956, yadda dawakin sarakunan Arewa suka yi jafi a gaban wannan mata tana 'yar shekara 29, Sardauna na gefe. Yaya ta share ido. Muna fita kuma ta koma kan wanda ya zauna a layi na biyu ranar jana'iza da dalilin da ya sa.

A bakin doguwar hanyar nan mai bishiyoyi da ta miƙe daga fada, muna cin abin da muka ƙunso, ta ba ni labarin da ya fi duk na ranar. Marion Crawford 'yar Sikotilan ce, ita ta yi renon Elizabeth da ƙanwarta Margaret ta koyar da su tun suna ƙanana har Elizabeth ta yi aure. Crawfie suke kiranta. A 1950 ta fitar da littafi a kan ƙuruciyarsu, The Little Princesses. Babu zagi a ciki, babu tonon silili, irin labarin nan ne na yadda ƙaramar gimbiya ke jera takalmanta da dawakin wasanta kafin ta kwanta. Duk da haka gidan suka yanke ta kwata-kwata. Ta koma Aberdeen, kusa da hanyar da motocinsu ke bi zuwa Balmoral, ba wanda ya taɓa tsayawa. Ta rasu a 1988, ko fure ba su aika ba.

Na ce, "Yaya, wannan ai zalunci ne."

Ta ce, "Amana aka ba ta. Wanda ya ci tuwon gida ba ya fita da kwanon."

Ita a nan ta tsaya. Ni kuwa na ga wani abu dabam: littafin Crawfie ya sayar wa jama'a ƙuruciyar 'ya'yan sarauta a matsayin labarin dare, kuma tun daga nan kasuwar ba ta tashi ba. Shirin The Crown da Netflix ta yi daga 2016 zuwa 2023 jikan wannan littafin ne, sai dai shi yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Mu ma muna da tsegumin fada, wanda ya zauna a Kano cikin 'yan shekarun nan ya sani, amma namu a kan rawani yake tsayawa. Ba kasafai ake shiga ɗakin yara ba.

Cikin fadar akwai abin da na fi daɗewa a gabansa, gidan 'yan tsana na Sarauniya Mary, kakar Elizabeth II. Edwin Lutyens, wanda ya tsara birnin New Delhi, shi ya zana shi, aka gama a 1924. Komai an rage shi kashi goma sha biyu: famfo mai zubar da ruwa, lantarki, lif mai hawa da sauka, motoci a gareji. Ba don wasan yara aka yi shi ba, babbar mace aka yi wa. A ɗakin karatunsa akwai littattafai da ba su wuce kan sarki ba, waɗanda marubutan zamanin suka rubuta da hannunsu, irin su Arthur Conan Doyle da Rudyard Kipling. A. A. Milne ya ba da wata 'yar waƙa da ya yi a kan ɗansa yana addu'ar kwanciya barci. Wannan waƙar ce ta sa na matsa wa mijin Yaya sai ya kai mu dajin Ashdown, inda Milne ya kafa labaransa na Winnie-the-Pooh.

Kafin nan, a wani shagon littattafai na gwanjo a garin, na tarar da tsohon bugun Blyton kusa da sabo. An sauya sunayen wasu yara, an cire wasu kalmomi, an goge 'yan tsanar nan baƙaƙe da ake zanawa da jan leɓe. Wasu gyare-gyaren ban yi kewarsu ba ko kaɗan. Ina yarinya na karanta shafukan da baƙin mutum ko baƙo shi ne kullum abin zargi, na wuce ban tsaya ba, kuma ba zan so ɗalibaina su wuce haka ba. Wasu kuwa tsoro ne kawai na masu bugawa. A Fabrairun 2023 kamfanin Puffin ya yi wa littattafan Roald Dahl irin wannan aski, har kalmar ƙiba aka cire, ƙasa ta ɗauka. Camilla, matar Sarki, ta tara marubuta a Clarence House ta ce kada su bari kowa ya taƙaita musu 'yancin faɗar abin da ke ransu. Washegari kamfanin ya sanar cewa zai ci gaba da buga na asalin ma. Su kansu 'yan gidan marubutan yara ne: Charles ya fitar da The Old Man of Lochnagar a 1980, labarin da ya ƙirƙira don ƙannensa, Sarah Ferguson, tsohuwar matar ƙaninsa Andrew, ta yi na wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, Meghan ma ta yi nata a 2021.

Ni dai sauya labari bai taɓa ba ni tsoro ba. Magana Jari Ce da muka tashi da shi, Abubakar Imam daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya ɗebo da yawa cikin labaransa, ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai cewa baƙi ne. Da aka mayar da shi wasan talabijin, manya sun yi ƙorafin cewa aku bai yi kama da na zuciyarsu ba, daidai yadda 'yar Yaya ta yi a tasha. Kuma in an duba, shi ma labarin fada ne: sarki, da ɗa ɗaya tilo, da waziri mai ƙulla makirci. Bambancin kawai Musa ɗan Sarki Abdurrahman ba ya da rai balle a tare shi a makaranta a yi masa dariya.

Christopher Robin Milne, ɗan A. A. Milne, kuwa mutum ne na gaske, kuma an yi masa.

Dajin Ashdown yana kudu da Landan, a Sussex ta Gabas, kuma kalmar daji ta yi masa yawa. Tudu ne mai faɗi, da ciyayi masu ƙaya da furanni rawaya, da ƙungiyoyin itatuwan fir nan da can, daidai yadda E. H. Shepard, mai zanen littattafan Pooh, ya zana su. Na tsaya a kan tudun na gane wurin da ban taɓa zuwa ba. Milne ya sayi gidan gona na Cotchford kusa da ƙauyen Hartfield a 1925, a 1926 kuma, shekarar da aka haifi Sarauniya, ya fitar da Winnie-the-Pooh. 'Yan tsanan ɗansa ne jaruman, ɗan kuma da sunansa na gaskiya aka sa shi. Sunan Winnie ma na wata beyar ce ta gaske da wani sojan Kanada ya bari a gidan namun dajin Landan.

Daga inda ake ajiye mota, tafiya ce mai ɗan nisa cikin laka zuwa gadar katakon da ake wasan jefa kara. Kowa ya saki ɗan itace ta gefe ɗaya, a ruga ɗaya gefen a ga na wa zai fara fitowa. Ana gaya wa baƙi su tsinto karansu tun daga nesa, don masu zuwa sun karye rassan da ke kusa. Gadar ma ba ta asali ba ce. An sake gina ta a 1999 da taimakon kuɗin Disney, tsohuwar kuma aka yi gwanjonta a 2021 a kan fam sama da 130,000. Asalin 'yan tsanan suna ɗakin karatu na birnin New York tun 1987. Jar rigar nan da kowane yaro ya san Pooh da ita, a zanen farko na littafin ba haka yake yawo ba, Disney ce ta yaɗa ta bayan ta sayi haƙƙin a 1961. Mun yi wasan. Yaya ta ci, ta kuma yi guɗa a tsakiyar dajin Turawa har wani dattijo mai kare ya juyo.

An haifi Christopher a 1920. Yana ƙarami ya ji daɗin sunan, ana aiko masa da wasiƙu, har an naɗi muryarsa a faifai. Da aka kai shi makarantar kwana sai abin ya juye. Yara suka samu faifan waƙar addu'ar nan suna sa masa ita ba ƙaƙƙautawa, har ranar da suka gaji suka ba shi, ya farfasa shi ya watsar a fili. Ya yi yaƙi, ya dawo ya rasa aikin da zai yi wanda ba za a ce ga yaron littafi ba. Daga baya ya rubuta cewa a lokacin yana jin mahaifinsa a kan kafaɗunsa na jariri ya taka ya hau, ya ƙwace masa sunansa ya bar shi da shuhurar banza. A 1951 ya tafi can Dartmouth ya buɗe kantin littattafai da matarsa, kuma iyaye suka riƙa shigowa da 'ya'yansu don su gaisa da Christopher Robin na gaske, mutum mai furfura a bayan kanta. Ya rasu a 1996.

A mota, kan hanyar komawa, na ce wa Yaya labarin nan ai shi ne na Harry. Yaro ɗan shekara 12 aka sa shi tafiya a bayan akwatin gawar uwarsa Gimbiya Diana ranar 6 ga Satumban 1997, duniya na kallo. Tun ranar kowa ya mallake shi, kowa da irin yaron da yake so ya zama. Da ya girma ya ce bari ya ba da labarin da bakinsa, a hirar Oprah ta 2021 da littafinsa Spare na 2023, sai masu saye suka ce ya ɓata musu tatsuniya. Na ce mu da muke sayen mujallar da kofin, har da ni mai sayen littafin, ba mu da bakin cewa ya cika surutu.

Yaya ta ce ita ba ta ƙi yaron ba. Da ya je Kaduna a Mayun 2024, ya duba sojojin da suka ji rauni a asibitin 44, gwamna ya sa masa babbar riga da hula, ta kalli bidiyon ya fi a ƙirga, kuma hular ta zauna masa. Uwarsa ma ta je har Maiduguri a 1990 ta riƙe hannun kutare. "Amma Malama, shi wannan ɗan Milne ɗin, ba kanti ya buɗe ya yi shiru ba?"

Na ce shi ma ya rubuta nasa littafin, The Enchanted Places, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba.

"Yaushe?"

"1974."

"Uban na da rai?"

"Ya rasu a 1956."

"Uwar fa?"

"1971."

Ta gyara mayafi ta jingina. "To kin gani. Ya jira."

Na ce wanda ya jira ɗin shekara goma sha biyar na ƙarshen rayuwar uwarsa kusan ba su ga juna ba, don haka ban san abin da jiran ya gyara ba. Ta ce wannan tsakaninsu ne, ba a sayar da shi a Amurka ba. Mijinta ya ce in ba mu bar musun nan ba zai wuce mahaɗar M25, kuma ya wuce ta.